Na ƙwace wayar, yaron kuma ya daina kallon idona

Wasiƙar wannan mako ta fito ne daga wani magidanci, tela, mazaunin unguwar Birni a nan Damagaram, wanda ya roƙi a sakaya sunansa. Ga abin da ya rubuto a taƙaice:

"Ina da ƴaƴa uku: babban namiji ne mai shekara 12, sai mace mai shekara 8, sai ƙaramin da bai cika 4 ba. Tun bara babban ya kamu da wasan harbe-harbe na Free Fire a wayar mahaifiyarsa, har ta kai ana kiran sallar magariba yana cewa a ɗan dakata masa. Watan jiya kuma na gano ya ɗauki jika biyu a aljihun rigata ya sayi kiredi saboda wasan. Na doke shi, na ƙwace wayar, na hana shi zuwa gidan wasan bidiyon da ke bayan layinmu. Yau mako biyar ke nan, in na shigo gida sai ya fita, in na yi masa magana sai ya sunkuyar da kai ya ce to. Ƙanena da ke karatu a jami'a ya ce in sayo wasa na talabijin mu riƙa yi tare da yaran, ni kuwa ina ganin zubar da girma ne, balle shi ne ɗana na fari, ko sunansa ba na faɗa. Sannan ta yaya zan hana shi harbi, in dawo in zauna ina harbi tare da shi?"

Malam, Allah ya shirya mana zuri'a baki ɗaya. Ni dai a ganina ƙanenka ya faɗi gaskiya, sai dai bai kai maganar ƙarshe ba, domin ba kowane wasa ne zai gyara abin da ya ɓaci tsakaninka da yaron nan ba, wani ma ƙara ɓata shi zai yi. Kafin mu je can, bari mu fara cire maganar kuɗin mu ajiye ta gefe, saboda ɗaukar jika biyu a aljihun uba laifi ne mai zaman kansa, ko alewa ya saya da su. Duka ya riga ya wuce, kuma da alama bai biya bashin ba, sai tsoro da ya bari. Tunda kana da shago, ka kira shi ka yanka masa aikin da zai biya kuɗin da shi, kamar ɗinka maɓalli, guga da share ƙyallaye na wasu ranakun Asabar, ka gaya masa adadin ranakun tun farko. Ranar da ya cika su ka ce masa bashi ya biyu, kuma daga nan kada kai ko mahaifiyarsa ku sake tayar da zancen, domin yaron da ake yi wa gori da laifin da ya riga ya biya yakan yanke ƙauna daga gyaruwa.

Game da cewar da yake yi a dakata masa lokacin salla, yana da kyau ka san yadda wasan yake, domin ba lallai raini ne ya sa shi faɗin haka ba. Kamfanin Garena na ƙasar Singafo ne ya fitar da Free Fire a 2017, kuma tsarinsa shi ne a jefa mutum 50 a wani tsibiri ta intanet, su yi ta harbin juna na kusan minti goma har sai mutum ɗaya ko ƙungiya ɗaya ta rage. Da yake da mutane na gaske ake bugawa a lokaci guda, babu maɓallin da zai tsayar da shi. Idan ɗanka yana cikin ƙungiya ta mutum huɗu ya ajiye waya ya tafi alwala, ya bar abokansa uku cikin wuta, matsayinsa ya sauka, gobe kuma a makaranta a yi masa dariya. Wasan kyauta ne wajen saukewa, amma ribar masu shi tana cikin sayar da abin da suke kira lu'ulu'u, wanda ake canzawa da tufafi da adon bindiga, kuma wanda bai da adon nan tamkar yaron da ya fita ranar salla da tsohuwar riga ne a idon tsaransa. Nan jika biyunka suka tafi. Ƙari a kan haka, yana hira da baƙin da kai ba ka san su ba, shi ma bai taɓa ganin fuskarsu ba. Saboda haka ban ga laifinka ba da ka raba shi da wannan wasa a shekarunsa, kuma ban ce ka mayar masa da shi yanzu ba. Abin da ya rage shi ne ka cire masa abu ba ka sa komai a gurbinsa ba, kai kanka kuma ka zama mutumin da shigowarsa gida take nufin ƙarshen jin daɗi.

Akwai wani tsohon jinsin wasannin bidiyo da aka gina a kan wata dabara daban. A ƙarshen shekarun 1970, lokacin da kamfanin Taito na Japan ya fitar da Space Invaders a 1978, wasa yana cikin wani babban akwati ne mai tsayin mutum da ake ajiyewa a shaguna, sai ka jefa kwabo kafin ya ba ka dama. Mai akwatin yana son layi ya riƙa motsi, shi ya sa aka yi wasannin gajeru, masu sauƙin fahimta cikin minti ɗaya, da rayuka uku ko makamancin haka, in sun ƙare an gama. Daga baya masu ƙera su suka lura cewa mutum biyu a akwati ɗaya kwabo biyu ne, sai suka fara yin waɗanda mutum biyu za su tsaya kafaɗa da kafaɗa suna yaƙar abokin gaba ɗaya. Kwaɗayin kuɗi ne ya haifi tsarin, amma yau da wasannin suka dawo cikin gida ba kwabon da ake jefawa, abin da ya rage mana shi ne amfaninsa: allo ɗaya, ɗaki ɗaya, babu intanet, babu baƙo, babu abin saya, ana iya tsayarwa in an kira salla, kuma nasara ko faɗuwa ta ku biyun ce.

Wanda zan fara ba ka shawara a kai shi ne Battle City, na kamfanin Namco, wanda ya fito a 1985. Duk wanda ya taɓa zama gaban ƴar na'urar nan mai kaset rawaya a shekarun 1990 ya san shi da wasan tanka. Kowannenku yana tuƙa ƙaramar tankar yaƙi a fili mai bangon bulo da ƙarfe da ruwa da ciyayi, a ƙasan allon kuma akwai hoton gaggafa da aka kewaye da bulo, wadda ita ce gidanku. A kowane mataki tankokin abokan gaba 20 ne suke fitowa daga sama, matakan kuma 35 ne, kuma da zarar harsashi ɗaya ya sami gaggafar wasa ya ƙare, ko da kuna da sauran rayuka. Dalilin da ya sa nake son wasan nan ga uba da ɗa shi ne dole a raba aiki, wani ya tsaya gadin gida, wani ya fita farauta, kuma dole a yi magana: ga ta nan ta hagunka, koma gida, ɗauki shebur ɗin nan ya mayar mana da bulo ƙarfe. In ka harbi abokinka bisa kuskure ba ya mutuwa, sai dai tankarsa ta ƙage na ɗan lokaci, kuma mutum yana iya rusa gaggafarsa da hannunsa in ya yi gaggawa. Ina tabbatar maka kai za ka fara yin wannan ɓarna, kuma dariyar da yaron zai yi ƙoƙarin ɓoyewa a lokacin ta fi duk nasihar da za ka yi masa a wannan wata amfani. Babu jini a cikinsa, babu ma siffar mutum.

Ita kuwa ƴar shekara takwas, kada a mayar da ita ƴar kallo, domin abin da aka saba a gidajenmu ke nan, maza su riƙe manet, wato abin da ake dannawa a sarrafa wasan, mata su leƙo daga ƙofar ɗaki. Bubble Bobble, wanda Taito ya fitar a 1986, ya dace da ita sosai: wasu ƙananan dodanni biyu ne masu ban dariya suke hura kumfa su kulle abokan gaba a ciki sannan su fasa, har mataki 100, kuma masu wasan sun tsara shi yadda wanda ya kai ƙarshe shi kaɗai ba zai ga cikakken ƙarshen labarin ba, sai a ce masa ya koma ya zo da aboki. Akwai kuma Pang na 1989, inda ake harba igiya sama a fasa manyan ƙwallaye masu tsalle, kowace ta rabu biyu ƙanana har su ɓace, da Snow Bros na 1990, inda ake jifan abokan gaba da ƙanƙara har su zama dunƙule a tura su. In akwai tsohuwar kwamfuta a gidan, jerin Chicken Invaders ba ya buƙatar mai ƙarfi, kaji ne kawai suka cika sararin samaniya suna jefo ƙwai, kuma a wasu daga cikin jerin har mutum huɗu suna iya bugawa tare.

Contra na kamfanin Konami, wanda ya fito a 1987, shi ne yaron zai fi so, domin sojoji biyu ne da bindigogi, kuma yana da zafi. Zanensa na da ne, babu jinin da zai tayar da hankali, amma ka ajiye shi sai kun saba, saboda yana da halaye biyu masu haddasa faɗa: a matakin hawan dutse mai ruwa, in ɗaya ya yi sauri ya haye sama, allon yakan bar na ƙasa ya mutu, sannan wanda rayukansa suka ƙare yana iya ɗebo na abokinsa. Yaro mai saurin hannu zai koyi jiran wanda bai kai shi ba, amma sai bayan an sha ƙorafi. Metal Slug na 1996 yana da kyawun zane da barkwanci, sai dai mutane ake harbi ana ƙonawa, ban ga dacewarsa da ƙananan ba. Cuphead na 2017 kuwa kada zanensa irin na katun ya ruɗe ka, domin labarinsa a kan caca da bashin shaiɗan aka gina shi, ga shi da wuyar da takan sa babba ma ya jefar da manet. Idan wata rana hali ya samu kuka mallaki na'ura ta zamani, Lovers in a Dangerous Spacetime na 2015 shi ne mafi kyawun da na sani a wannan fanni: jirgi ɗaya ne kewayayye, wani yana kan tuƙi, wani kan garkuwa, wasu kan bindigogi, har mutum huɗu, ana ceto zomaye da aka kama, kuma babu mai iya tafiyar da jirgin shi kaɗai ba tare da gudu daga wannan kujera zuwa waccan ba.

Tambayarka ta ƙarshe, ta hana shi harbi sannan ka zauna kana harbi tare da shi, tana da nauyi, kuma ba zan raina ta ba. Ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka ta bayyana a 2020 cewa babu isasshiyar hujjar da ta nuna wasannin bidiyo masu tashin hankali suna sa mutum aikata ta'asa, amma akwai ƴar alaƙa tsakaninsu da ƙananan halaye na zafin rai irin su tsawa da ture-ture. Mu da muka tashi muna harbin ƙadangaru da danƙo a bayan ganuwa mun san cewa sha'awar saiti da harbi tsohuwa ce a wurin yaro, kuma namu ma rai muke kashewa na gaske. Abin dubawa shi ne me ake harbi, da wa ake tare, kuma me wasan yake yaba wa mutum a kai. Wasan da ladansa shi ne ka kashe kowa ka rage kai kaɗai, da wanda ladansa shi ne ka tsare gida tare da ɗan'uwanka, ba tarbiyya ɗaya suke yi ba ko da duka ana danna maɓallin harbi. Ka gaya wa yaron wannan bambanci da bakinka, domin in ba ka faɗa ba zai ɗauka hukuncinka na son rai ne. A kan kwalin wasannin da suka biyo ta Turai za ka ga lambar PEGI, wato 3, 7, 12, 16 ko 18, wadda take nuna shekarun da abin da ke ciki ya dace da su. Ba ta auna wuyar wasa, kuma da ma'aunin Turawa aka yi ta, saboda haka tana taimakawa amma ba ta ɗauke maka kallo da idonka.

Kada kuma ka yi saurin kiran yaron kamamme. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa matsalar kamuwa da wasan bidiyo cikin jerin cututtuka a 2019, amma sharuɗɗanta masu tsauri ne: mutum ya kasa riƙe kansa, ya fifita wasa a kan sauran al'amuran rayuwarsa, ya ci gaba duk da cutarwar da yake gani, kuma galibi a ɗauki wata 12 a haka. Yaron da ya yi mako biyar ba waya yana zuwa makaranta yana cin abinci, fushi yake yi da kunya.

Yanzu sai maganar da na san ita ce ta fi tsaya maka a rai, wato kunyar ɗan fari. Al'adarmu ce, kuma tana da kyawunta, amma mu tuna yadda take aiki a da. Uban da ba ya faɗin sunan ɗansa na fari, ba ya wasa da shi a bainar jama'a, yana zaune ne a babban gida inda kaka yake jan yaron da wasa, baffa yana tafiya da shi gona, kawu yana ɗaukarsa riƙo, ƴan uwa sun cike duk gurbin da kunyar ta bari. Kai kuwa, in na fahimci wasiƙarka, daga kai sai matarka sai yara uku, ka fita shago da safe ka dawo bayan isha'i. Kunyar tana nan, masu cike gurbin sun watse, sai waya ta zo ta zauna a wurinsu. In yaron ya ƙara shekara uku ko huɗu a haka, fadar samarin unguwa ce za ta karɓe shi, kuma duk ɗan Damagaram ya san ba kowace fada ce ta shayi da hira kawai ba. Ba na ce ka fara kiran sunansa ba, ka ci gaba da kiransa da laƙabin da ka saba, kuma ba a ƙofar gida za ku baje ba, cikin ɗaki ne. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sumbaci jikansa Hasan a gaban Aƙra'u ɗan Habis, wanda ya ce yana da ƴaƴa goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, sai aka amsa masa cewa wanda ba ya jin ƙai ba a jin ƙansa. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, in ji masu iya magana, kuma girman uba ba ya cikin abin da tankar wasa za ta rusa.

Akwai ma wani amfani a cikin rashin iyawarka. Tun da aka haife shi kai ne mai sani, kai ne mai gyara masa riƙon almakashi da karatun allo, bai taɓa samun fagen da zai koya maka wani abu ba. Ka bar shi ya nuna maka maɓallan, ka tambaye shi ina zan tsaya, ka bi umarninsa a cikin wasan, kuma in ya ɗaga murya cikin zumuɗi ya ce Baba koma baya, kada ka ɗauke shi rashin kunya. In ya zagi ƙanwarsa don ta yi kuskure, a nan ne za ka tsayar da wasa, a kashe na wannan rana, domin dokar farko ita ce ba a zagin abokin tafiya.

Wajen saye ba sai ka wahalar da aljihunka ba. Masu kayan lantarki a Kasuwar Dole da waɗanda suke sarowa daga Kano sukan kawo iri biyu: mai kaset da wayoyin da ake sakawa a bayan tsohuwar talabijin, da wata ƴar ƙarama kamar kilen waya da ake cusawa a ramin HDMI na jikin talabijin ta zamani, mai zuwa da manet biyu marasa igiya. Yawancinsu kwafi ne, ba daga kamfanonin asali suka fito ba, dubban wasannin da ake rubutawa a kwali kuma maimaici ne ya fi yawa a ciki, kuma a irin ta biyun akan tarar da wasannin dambe masu jini da na caca da ma waɗanda ba su dace da yara ba sam. Ka tafi da ƙanenka, a gwada manet ɗin duka biyu a gabanku, ku tabbatar wasannin da na ambata suna ciki kuma suna karɓar mutum biyu, sannan ya zauna ya bi jerin ya goge abin da ya kamata a goge in na'urar ta yarda. In ba ta yarda ba, manet ɗin su riƙa kwana a akwatinka. Ƙaramin mai shekara 3 kuma, shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce ƴan shekara 2 zuwa 4 kada su wuce awa ɗaya a gaban allo a yini, in an rage ma ya fi, saboda haka a fara bayan ya yi barci ko a ba shi ɗan lokaci kaɗan a cinyar mahaifiyarsa. In akwai mai farfaɗiya a gidan a nemi shawarar likita tukuna, domin walƙiyar hasken irin waɗannan wasanni takan tayar wa wasu.

Lokaci kuma ku yanka shi tare da mahaifiyarsu, tunda wayarta ce aka fara da ita, kuma ita ce take gida in ba ka nan. Sau biyu a mako ya isa a farko, misali daren Alhamis da babu karatun allo da kuma yammacin Asabar, minti arba'in zuwa awa ɗaya, bayan an yi salla an gama aikin makaranta. Ku auna da matakai maimakon agogo, a ce mataki biyar za a yi yau, saboda yaro ya fi yarda da ƙarshen da ya gani da idonsa. In an ɗauke wuta a tsakiya, ka biya su washegari, domin alkawarin da kake so ya riƙa cikawa a wurinka zai fara ganin samfurinsa.

A daren farko kada ka yi wa'azi, kada ka ce ka sayo ne don ya daina kaza. Ka haɗa na'urar da kanka, ka kira ƙanwarsa ku fara wasan tanka, ku yi ta faɗuwa a mataki na biyu. Mai yiwuwa ya tsaya a bakin ƙofa yana kallo bai ce komai ba, mai yiwuwa ma ya fita, to ka ƙyale shi, ka sake ranar Asabar. In ka ga ya matso har yana gyara muku da baki, sai ka miƙa masa manet ɗin ƙanwar, ka riƙe naka, ka ce masa ya fita farauta kai za ka tsare gaggafar.